Labarin Gundumar Tawang

A can arewa maso gabashin Indiya, cikin duwatsun Himalaya, akwai wata gunduma da a ke kira Tawang. Ta yi iyaka da Tibet ta arewa, ta kuma yi iyaka da ƙasar Butan ta yamma. Ba ta daɗe da zama gunduma ba, gama sai a shekarar 1984 aka yanke ta daga gundumar Kameng ta Yamma. Amma labarin wurin ya girmi gundumar nesa ba kusa ba.

Ƙasa ce mai tudu ƙwarai. Garin Tawang kansa yana bisa dutse, tsawonsa daga bakin teku wajen ƙafa 10,000 ne. Mai zuwa daga kudu sai ya bi ta wata mashiga da a ke kira Sela, wadda ta kai ƙafa 13,700, da sanyi kuwa ƙanƙara kan toshe ta. Da aka yi ƙidaya a 2011 an sami mutum 49,977 a gundumar, kusan bakwai cikin goma mabiya addinin Buddha ne. Yawancinsu ƙabilar Monpa ne. Suna noman sha'ir da gero, suna kiwon tumaki da wani irin sa mai dogon gashi da a ke kira yak, suna kuma yin takarda da ɓawon itace.

Abin da ya ɗaukaka Tawang shi ne babban gidan ibadarta, wanda babu kamarsa girma a gidajen ibadar Buddha na Indiya. Wani malaminsu, Merak Lama, shi ya gina shi wajen 1680 bisa umurnin Dalai Lama na biyar, watau shugaban addini da mulki na Tibet. Mutanen wurin sun ce dokin malamin ne ya ɓace, da aka bi sawu sai aka tarad da shi tsaye bisa wani tudu, malamin ya ce nan za a yi ginin. Don haka su ke fassara sunan Tawang da cewa wurin da doki ya zaɓa. A 1683 kuma aka haifi Dalai Lama na shida kusa da garin, darajar wurin ta ƙaru.

Tun daga lokacin nan har shekara fiye da 250, gidan ibadan nan shi ke riƙe da ƙasar. Shi ke aika wakilai su karɓi haraji na hatsi, su yi shari'a, su sa talakawa ɗaukar kaya, shi kuma yana bin Lhasa, babban birnin Tibet.

A 1914 Turawan Ingila masu mulkin Indiya suka zauna da wakilan Tibet da na Sin a garin Simla. Aka ja layin iyaka a taswira, wanda a ke kira da sunan Baturen da ya shugabanci aikin, McMahon, Tawang ta faɗo wajen Indiya. Tibet ta sa hannu, amma gwamnatin Sin ta ƙi yarda. Turawa kuwa ba su kafa ofis a wurin ba, haraji ya ci gaba da tafiya inda ya saba. Wannan shi ne tushen gardamar da har yanzu ba ta ƙare ba.

Indiya ta sami mulkin kai a 1947. Da sojan Sin suka shiga Tibet a 1950, sai Indiya ta ga zama bai kama ta ba. A 1951 ta aiki Manjo Bob Khathing da 'yan sojoji kaɗan, ya isa Tawang cikin watan Fabrairu, ya tara manyan gari ya shaida musu mulki ya sake hannu, ya sallami masu karɓar harajin Tibet. Duk wannan ba a zub da jini ba.

A 1959 Dalai Lama na goma sha huɗu ya gudo daga Lhasa, ta Tawang ya shigo Indiya. Bayan shekara uku, cikin Oktoba 1962, yaƙi ya tashi tsakanin Sin da Indiya. Sojan Sin suka kama Tawang, suka ƙetare Sela, jama'a da yawa suka watse suka bar gidajensu. Cikin Nuwamba sai Sin ta tsai da wuta, sa'an nan ta janye sojanta, mutane suka komo.

Bayan yaƙin Indiya ta mai da hankali ga wannan yanki. A 1972 aka sa masa suna Arunachal Pradesh, a 1987 ya zama jiha sosai. Tsakanin nan ne Tawang ta sami gundumarta. Dā babban ofis yana Bomdila, can bayan Sela, yanzu kuwa yana cikin gari. Har 'ya'yan gundumar biyu sun shugabanci gwamnatin jihar, Dorjee Khandu a 2007, da ɗansa Pema Khandu a 2016. A 2024 aka buɗe hanyar mota da aka huda ta cikin dutsen Sela, ƙanƙara ta daina raba su da sauran ƙasa.

Duk da haka gwamnatin Sin ba ta saki maganarta ba, tana kiran yankin Kudancin Tibet. Da Dalai Lama ya ziyarci Tawang a 2009 da 2017 ta yi ƙorafi, a Disamba 2022 kuma sojojin ƙasashen biyu suka yi dambe a bakin iyakar gundumar. Mutanen Monpa dai suna nan bisa duwatsunsu, addininsu daga Tibet ya zo, mulkinsu kuwa yana hannun Indiya.