Taliya: Daga Sisili Zuwa Kano

Idan ka shiga kanti a Nassarawa GRA za ka tarar da taliya kala-kala a leda, har ka ɗauka abincin Turawa ne da ya zo mana jiya-jiya. To amma tun kafin a san ta leda, mata a cikin birni suna murza taliya da hannu, su shanya, a ci da mai da yaji. Ina ta samo asali?

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wai Marco Polo ne ya kai ta Italiya daga Sin. Ba haka ba ne. Shi ya koma gida a 1295, alhali tun 1154 masanin ƙasa Al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia na tsibirin Sisili ana yin wani abincin fulawa mai kama da zare, ana kiransa "itriyya", ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Me ya sa ta iya wannan doguwar tafiya? Abu biyu ne. Alkama na da furotin da ake kira gulutin, shi ke ba ƙullu danƙo har a ja shi bai tsinke ba. Gero da dawa ba su da shi. Sannan busarwa na rage ruwan ciki zuwa kusan kashi 12 cikin 100, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa. Ka ga guzurin fatake ke nan.

Kano ma tana kan hanyar fatake. Larabawan Ghadames da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa, kuma sunayen gurasa da alkaki daga Larabci suka fito. Cikin wannan dangi na abincin alkama taliyarmu take. A da alkama kaɗan ake nomawa da rani a fadama, shi ya sa ba kullum ake cin irin wannan abinci ba.

Yau taliya ta zama abincin kullum, amma mafi yawan alkamar daga waje ake shigo da ita. Gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, noman gida bai wadatar ba, aka janye haramcin a 1992. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, farashin ya taɓa tukunyar kowa. Taliya dai tamu ce tun tuni; saura alkamar ta zama ta Kadawa.