Daga Sarkin Samari zuwa Samariyar Gwamnati: Tarihin Shugabancin Aikin Gayya a Karkarar Nijar, 1946 zuwa 1991

Gabatarwa

Abin da wannan takarda ta ƙudurta shi ne ta bi diddigin yadda ƙauyukan Hausa na Jamhuriyar Nijar suka riƙa samar wa kansu shugabannin aikin gayya, watau mutanen da kan tsaya kan aikin jama'a ba tare da albashi ba, da kuma abin da ya biyo baya sa'ad da hukuma ta sa hannu cikin lamarin. Mun zaɓi Nijar ne domin a can aka yi wani gwaji wanda ba a yi irinsa a wannan gefen iyaka ba: gwamnati ta ɗauki ƙungiyar samarin ƙauye sukutum ta mai da ita ginshiƙin mulki. Ƙauyukan Maraɗi da Damagaram kuwa ba su da wani bambancin kirki da na Katsina da Daura ta fuskar noma da aure da sarauta, saboda haka abin da ya same su darasi ne ga duk mai shirin kafa kwamitin raya ƙauye a gida.

Tsarin gargajiya

Kafin zuwan jam'iyyun siyasa, da wuya a sami gari mai mai gari wanda ba shi da sarkin samari. Samarin ne kan zaɓe shi, mai gari ya tabbatar da shi, wani lokaci har a naɗa masa rawani. Shi kuma ya naɗa nasa fadawan, da waziri da galadima da alƙali, yana kwaikwayon fadar sarki. 'Yan mata su ma suna da shugabarsu. Bayan zuwan Turawa sai aka ƙara muƙaman da aka aro daga gare su, a ji wani saurayi gwamna ne, wani likita ne. A ƙasar Zazzau wasan kalankuwa da akan yi bayan kaka shi ne inda wannan kwaikwayo ya fi fitowa fili.

Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka wasa ne kawai. Lalle akwai wasa a ciki, amma a cikin wasan ne yaro ke koyon abin da makarantar allo ba ta koyarwa, makarantar boko ma ba ta koyarwa: yadda ake tara mutane, yadda ake raba musu aiki, yadda ake yanka wa aboki tara ba tare da an ɓata ba. Idan za a yi gayya, mai gona ya kai goro wurin sarkin samari, shi ko ya sa a yi shela, a sa rana. Mai gona ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, a jera kunya kunya, maroƙa na yi wa gwanaye kirari, 'yan mata na kallon wanda ya riga kai ƙarshe. Haka ake yi wa gonar surukai, da gonar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da gandun mai gari. Da rani kuma a koma yashe rijiya, da yaɓen masallaci, da shingen maƙabarta, da karɓar baƙin da suka zo kokawa ko dambe.

Abubuwa biyu ne, a ganinmu, suka riƙe wannan tsari. Na farko shi ne lada da horo duk a hannun jama'ar gari suke. Wanda ya fita aiki ya sami suna, wanda ya ƙi fita a ci shi tarar goro, in ya yi taurin kai a ƙaurace wa bikinsa, kuma a ƙauye babu horon da ya fi wannan ciwo. Na biyu shi ne sarautar samari tsani ce. Wanda ya iya da samari, dattawa na lura da shi, gobe shi ne za a ba riƙon unguwa ko a aika shi gaban hakimi. Ba kuma lalle ne sarkin samari ya kasance yaro ba. Sau da yawa magidanci ne wanda ya tsaya tsakanin yara da manya, kowane ɓangare na jin maganarsa.

Sai dai kada mu ƙawata tsarin fiye da kima. Gayyar gandun sarki ba kullum take bisa son rai ba, kuma mai abin hannu ya fi talaka iya ciyar da 'yan gayya, don haka gonarsa ce ke fara shan noma. Mulkin Faransa ya ƙara dagula al'amarin, domin ta hannun sarakuna ake ɗibar samari zuwa aikin hanya da ginin bariki. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki ba sai a Afrilun 1946. Tun daga wancan zamani talakan Nijar ya koyi rarrabe aikin da gari ya kira da aikin da aka aiko da shi daga sama, ko da kuwa ganga ɗaya aka kaɗa musu.

Zamanin jam'iyyu da masu farkarwa

A 1946 ɗin nan aka kafa jam'iyyar PPN, daga baya Jibo Bakari ya ɓalle har tafiyarsa ta zama Sawaba. Kowace jam'iyya ta gane cewa wanda ya sami sarkin samari ya sami makaɗa da dandali da ƙafafun yawon kamfe. Gari ɗaya sai ya rabu biyu. Da aka haramta Sawaba a 1959, aka kuma sami mulkin kai a 1960 ƙarƙashin Diori Hamani, sai reshen samarin jam'iyya mai mulki ya maye gurbin tsohuwar ƙungiya a wurare da dama. Bayan hare-haren 'yan Sawaba na 1964 aikin samarin jam'iyya ya karkata ga tsaro da sa ido, abin da ba ya haifar da amana tsakanin maƙwabta.

Amma a wannan zamanin ne kuma aka yi gwajin da muke ganin ya fi cancantar nazari, watau shirin da Faransanci ke kira animasiyo, ma'ana farkar da mutanen karkara. An soma shi a farkon shekarun 1960 da taimakon wata cibiyar Faransa mai suna IRAM. Dabarar ita ce kowane ƙauye ya zaɓi mutum ƙalilan daga cikinsa, magidanta waɗanda ake jin maganarsu, a kai su horo na 'yan kwanaki, su tattauna da ma'aikatan gona da na lafiya da na dabbobi, sa'an nan su koma gida su ci gaba da nomansu, babu albashi, babu kaki. A jihar Maraɗi an bi wannan hanya aka horar da masu ba da magani na farko da ungozomomi, kowane da ɗan akwatin maganinsa.

Inda shirin ya fi yin tasiri shi ne cinikin gyaɗa. An kafa hukumar bashi da gama kai ta UNCC a 1962, kuma daga 1966 aka shiga sabon tsari a yankin Damagaram, inda manoma da kansu ke riƙe kasuwar gyaɗa, su zaɓi mai awo da magatakarda daga cikinsu. Mai awo kuwa dole ya iya karanta sikeli, magatakarda ya iya rubuta lissafi, sai yaƙi da jahilci cikin Hausa ya sami dalilin da kowane manomi ya fahimta ba sai an yi masa wa'azi ba. (Masana harshe da ke wannan zaure za su tuna cewa a 1966 ɗin ne aka yi taron Bamako kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa.) A nan shugabanci ya zo da aiki na zahiri, kuma mutumin da ya taɓa shan cuta a hannun dillali ya san amfanin ɗan garinsu ya riƙe sikeli.

Me ya sa shirin ya yi sanyi? Mai farkarwa ya sami kansa tsakanin mai gari, wanda ke ganin an yi masa kishiya, da shugaban jam'iyya, wanda ke son ya zama ɗan aikensa. Ma'aikatan hukuma kuma suka riƙa ɗaukarsa a matsayin mai isar da umurni, alhali an ce masa shi ne bakin talakawa. Kuɗin gyaɗa kuwa hukuma ce ke yanka shi, kamfanin SONARA ya saya, haraji ya kwashe abin da ya saura. Farin da ya soma a 1968 ya tsananta a 1973, sa'an nan cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Mutumin da rumbunsa ya ƙare, ya tafi cin rani Kano ko Legas, ba shi da lokacin zaman taro.

Samariyar Kunce

Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Saini Kunce suka kifar da gwamnatin Diori, suka rushe jam'iyya da majalisa. Mulkin da ba shi da jam'iyya yana bukatar wata igiya da za ta kai shi ƙauye, sai Kunce ya waiwayi tsohuwar ƙungiyar samari, ya farfaɗo da ita da sunanta na Hausa, samariya, ya kuma shimfiɗa ta a ƙasa duka, har a yankunan da ba Hausa ake yi ba. Aka jera ta hawa hawa, daga ƙauye da unguwa zuwa gunduma da jiha har Yamai. Mata aka yi musu tasu ƙungiyar ta ƙasa a 1975. A shekarar ce aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, a 1976 kuma aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, inda samariyoyi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo.

Ba za a yi adalci ba in aka ce samariya ba ta yi aiki ba. Ta gina azuzuwa da tubalin ƙasa, ta share garuruwa, ta dasa itatuwa, ta nome gonakin haɗin gwiwa, ta gina gidajen samariya inda ake taro da wasanni. Daga cikin waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin akwai masu tunawa da ita da alheri har yanzu, musamman don ta haɗa ɗan birni da ɗan ƙauye, Bahaushe da Bazabarme, a fili ɗaya. Daga 1979 Kunce ya soma shirya tsarin da za mu iya fassarawa da Al'ummar Raya Ƙasa, mai majalisu tun daga ƙauye har sama, aka ce samariya da ƙungiyoyin gama kai su ne ƙafafunsa biyu.

To, amma a duba abin da ya sauya. Sunan bai sauya ba, ganga ma ba ta sauya ba, sai dai yanzu ranar aiki daga ofishin mai mulkin gunduma take fitowa, kuma wanda ya ƙi fita ba ƙauracewar abokai yake tsoro ba, hukuma yake tsoro. Sarkin samari ya daina duban fuskar samarinsa, ya koma duban fuskar wanda zai rubuta rahoto a kansa. A garuruwa da yawa muƙamin ya faɗa hannun attajirai da dattawa masu neman kusanci da gwamnati, har a ga mai furfura yana amsa sunan sarkin samari. Wani kaso mai yawa na ƙarfin ƙungiyar ya tafi ga jeruwa bakin hanya don tarbar manyan baƙi da waƙoƙin yabon mulki. Muna ganin a nan ne tsanin da muka ambata ya karye: saurayi ya iya yin shekaru yana tubali da tafi ba tare da an taɓa ba shi shawara ko guda ya yanke ba, alhali kakansa a dandali yana ɗan shekara ashirin ya riga ya san zafin yanka wa ɗan mai gari tara.

Akwai masu cewa laifin na mulkin soja ne kawai, da farar hula ce da ba a yi haka ba. Ba mu gamsu da wannan ba, domin abin da ya sami masu farkarwa a zamanin Diori bai bambanta ba sosai, kuma gwamnatin farar hula ce. A duka biyun hukuma na son ƙarfin gayya amma ba ta son ta bar wa gari ikon zaɓe da tuɓewa, da ikon cewa wannan aiki ba shi ne damuwarmu ba bana.

Kunce ya rasu a Nuwamban 1987. Ali Saibu da ya gaje shi ya mai da tsarin jam'iyyar siyasa guda, MNSD, a 1989, samariya ta zama reshenta a zahiri. Da guguwar siyasar jam'iyyu barkatai ta taso, aka yi Babban Taron Ƙasa daga Yuli zuwa Nuwamban 1991, sai aka lissafa samariya cikin kayan tsohon mulki, ta watse cikin ɗan lokaci. A ƙauyuka da yawa tsohuwar sarautar samari ma ba ta dawo da ƙarfinta ba, domin sunan ya riga ya ɗauki ƙurar siyasa. Abin da ya tsiro a gurbinta cikin shekarun 1990, musamman a Damagaram da Yamai, shi ne fada: gungun samari masu zaman shayi a bakin titi, kowace da sunanta da shugabanta da ma'ajinta, suna karo-karo don bikin aure da suna, wasu na share kwata da gadin unguwa. Babu wanda ya kafa musu ita daga sama, kuma sunan da suka zaɓa daga fadar sarki suka aro shi, kamar yadda samarin dā suka aro waziri da galadima.