Wuraren Tarihi na Birnin Kazan

Kazan shi ne babban birnin Jamhuriyar Tatarstan a ƙasar Rasha. Yana gabas da Mosko, a inda kogin Kazanka yake shiga kogin Bolga. Ya kasance fadar sarakunan Tatar Musulmi har zuwa shekarar 1552, lokacin da sarkin Rasha Iban na Huɗu ya ci shi da yaƙi.

Wurin da ya fi shahara a birnin shi ne Kremlin, tsohuwar fada mai farar ganuwa, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A cikinta akwai Masallacin Kul Sharif, wanda aka buɗe a 2005, aka kuma sa masa sunan limamin da ya rasu yana kare birnin a 1552. Kusa da shi akwai majami'ar Otodoks ta ƙarni na 16, da Hasumiyar Suyumbike mai tsawon mita 58, wadda ta ɗan karkace, take kuma ɗauke da sunan wata sarauniyar Tatar.

A Tsohuwar Unguwar Tatar, bakin tafkin Kaban, akwai Masallacin Marjani da aka gina tsakanin 1766 da 1770 da izinin Sarauniyar Rasha Katarina ta Biyu. Titin Bauman, na masu tafiya a ƙasa, cike yake da kantuna da gidajen abinci. Jami'ar Kazan kuwa, wadda aka kafa a 1804, nan ne marubuci Tolstoy da jagoran juyin juya halin Rasha Lenin suka yi karatu.