Jinyar Ƙwayar Gado da Sankarar Hanta: Nazari Daga Maraɗi

Kafin mu shiga batun, ya kamata mu tsayar da ma'anar kalmomi huɗu. Tantani shi ne ɗan ƙaramin yanki mai rai da ido ba ya gani, wanda da tarinsa aka gina kowace gaɓa ta jiki. Ƙwayar gado kuwa umarni ce da ke rubuce cikin tantani, a jikin wani dogon zare da ake kira DNA. Ita ke tsara abin da tantani zai sarrafa, da lokacin da zai rabu biyu, da lokacin da zai mutu. Sankara, wato ciwon daji, tana tasowa ne idan wannan umarni ya gurɓace, tantani ya yi ta hayayyafa ba tsayawa. Abin da muke nufi da jinyar ƙwayar gado shi ne shigar da sabon umarni cikin jikin majinyaci, ko toshe wanda ya lalace, don a tari cutar daga tushe.

Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da wannan ilimi na manyan ɗakunan bincike? Ruwanta na nan cikin gyaɗa. Gyaɗa ce ta ɗaukaka kasuwancin Maraɗi tun zamanin Faransawa har zuwa farin shekarun 1970, kuma har yau matan Tsibiri da Jiratawa suna matsar mai, suna tuya ƙuli-ƙuli. Gyaɗar da aka adana ba ta gama bushewa ba takan yi fumfuna, wani nau'in fumfunar kuma yana fitar da guba mai suna afilatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Zafin tuya ba ya kashe ta, kuma ta fi zama cikin tunkuza fiye da mai. A 1991 masana suka nuna cewa sankarar hantar mutanen Qidong a ƙasar Sin da ta kudancin Afirka tana ɗauke da lahani iri ɗaya, a gurbi na 249 na ƙwayar gado TP53, wadda aikinta shi ne tsayar da tantanin da ya lalace. Afilatoksin ce ke haddasa wannan lahani. Idan ta tarar da ciwon hanta nau'in B, wanda a ƙasashenmu aka fi ɗauka tun yarinta, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Hanyoyin jinyar sun kasu huɗu. Ta farko ita ce mayar da abin da ya lalace: a ɗora lafiyayyar TP53 a kan bairos ɗin da aka raunana, ya kai ta cikin ƙari, wato kumburin sankara. Bairos wata halitta ce da ba ta iya hayayyafa sai cikin tantani, shi ya sa ta dace da aikin dako. A 2003 ƙasar Sin ta amince da Gendicine, maganin da ke aiki ta wannan hanya, amma don sankarar kai da wuya; a hanta gwaji kawai aka yi. A takarda babu hanyar da ta fi ta dacewa da majinyacin Maraɗi, tunda ƙwayar da gubar gyaɗa ta ɓata ita ake mayarwa. Sai dai ƙari ya ƙunshi miliyoyin tantani, bairos ba ya riskar dukkansu, waɗanda suka tsira kuma su ci gaba da yaɗuwa.

Ta biyu ita ce sakin bairos mai hayayyafa cikin tantanin sankara har ya fasa shi. Labarin Pexa-Vec, wani bairos irin wannan, ya cancanci a tsaya a kansa. A gwajin da aka wallafa a 2013, kan mutum 30, waɗanda aka ba kashi mai yawa sun rayu kimanin wata 14, waɗanda aka ba kaɗan kuma kusan wata 7. Fata ya yi yawa. Da aka faɗaɗa gwajin zuwa ɗaruruwan majinyata, aka haɗa shi da sorafenib, maganin da ake ba masu sankarar hanta tun 2007, sai aka dakatar a 2019 don babu alamar ƙarin amfani. Mutum 30 ba su isa a yanke hukunci da su ba.

Ta uku tana amfani da guntayen RNA, wato saƙon da ke ɗaukar umarni daga DNA, don a rufe bakin ƙwayar da ke rura sankara. An tsayar da gwajin wani magani irin wannan mai suna MRX34 a 2016 bayan garkuwar jikin wasu majinyata ta tayar da mummunar illa har aka yi rashe-rashe. Ta huɗu, wadda ake kira CAR-T, ita ce a ɗebi tantanin garkuwar majinyaci, a sauya masa umarni ya gane wata alama mai suna GPC3 da ke jikin sankarar hanta, a mayar masa. Ana gwada ta a Sin da Amurka.

Hukuncinmu a nan shi ne matsalar ta fi ƙarfin kuɗi, ko da yake kuɗin ma ba wasa ba ne: Hemgenix, jinyar da ake aikawa hanta don cutar rashin daskarewar jini, ta fito a 2022 kan dala miliyan 3.5. Gwaje-gwajen nan galibi sukan karɓi wanda hantarsa ke aiki sosai. Majinyacin da ake kawowa asibiti a Maraɗi kuwa sau da yawa sai ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, bayan an sha jiƙo iri-iri, cibiyar sankara ta ƙasa kuma tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Hantar da ta riga ta ƙanƙance ba ta jure bairos.

Akwai dai reshe guda na wannan ilimi da ya fi kusa da hannunmu. Binciken da aka yi a Gambiya ya nuna ana iya gano lahanin gurbi na 249 cikin jini, ba sai an yanki hanta ba. Nijar ta shigar da rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar jarirai a 2008, ke nan yawancin waɗanda aka haifa kafin nan sun girma babu kariya. Bin diddigin wannan lahani a jininsu aiki ne da sashen kiwon lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi zai iya sa wa gaba.