Masu Ƙidayar Tsuntsaye: Yadda Aikin Ya Dawo Hannun 'Yan Gida

Mu da ke cikin harkar kare namun daji mun san cewa mafi yawan abin da aka sani game da tsuntsayen Najeriya 'yan sa-kai ne suka tattara shi, mutanen da ke sammako su tsaya bakin fadama da littafi da madubin hangen nesa ba tare da ko sisi ba. Al'adar ta samo asali ne daga Amurka a 1900, lokacin da Frank Chapman ya ba da shawarar a daina gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti a koma ƙirga su. Mutum 27 suka amsa kiran, kuma har yau ana yi. A 1967 aka fara ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a kowane watan Janairu, ta iso Afirka a 1991.

A Najeriya Turawa ne suka fara riƙe aikin. An kafa Nigerian Field Society a 1930, sannan a 1964 masu sha'awar tsuntsaye suka kafa tasu ƙungiyar, cikinsu har da Hilary Fry da ke koyarwa a Zariya, da Robert Sharland wanda ya yi shekaru a Kano yana sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa don a gane inda suke zuwa. Sun bar mana bayanai masu daraja, wannan ba a musu. Raunin zamanin nasu shi ne, ɗan ƙauyen da ya san inda dinya ke ƙwai da lokacin da shamuwa ke isowa ɗan rakiya ne kawai, kuma idan Bature ya koma gida sai aikin ya tsaya cak. Ra'ayina shi ne aikin sa-kai ba ya kare daji ko fadama sai ya zama na mutanen da ke kwana su tashi a wurin, kuma tarihin fadamar Haɗeja da Nguru ya nuna haka. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar duk shekara ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe magudanai. Shirin kare fadamar da aka fara a 1987, da hannun Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da ƙungiyoyin waje, ya kawo ƙidayar tsuntsaye a kai a kai, kuma irin waɗannan alƙaluma na cikin hujjojin da suka sa tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin muhimman dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Amma da kuɗin waje suka ja baya, masunta da manoma ne suka ci gaba da shiga ruwa aikin gayya suna saran kachalla.

Babban sauyi ya zo a ƙarshen 2015, da cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara tsawo da faɗi. Ɗan sa-kai zai shiga ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa a manhajar BirdLasser ta wayarsa. Matasan Arewa suka kafa tawagarsu, ƙungiyoyin kallon tsuntsaye suka ɓullo a garuruwa da jami'o'i.

Akwai masana da ke cewa ba a dogara da idon wanda bai yi karatun abin ba. Tsoron nasu yana da tushe, domin sabon shiga na iya rikita tsuntsaye masu kama da juna. Sai dai tsarin ya tanadi mai tantancewa: idan aka rubuta tsuntsu a inda ba a saba ganinsa ba, sai an kawo hoto ko cikakken bayani kafin a karɓa. Kuma masanan da muke da su ba za su iya zagaye ƙasar nan ba ko da sun bar kowane aiki. Ɓacewar ungulu daga mahauta, da yadda gauraka ta yi wuyar gani, mahauta da makiyaya sun lura da su tun kafin su shiga rahoto.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Manomin da jan-baki ya cinye masa gero, yaya za a ce ya bar gona ya tafi ƙirga tsuntsu kyauta? Wanda ya yi wannan tambaya ya faɗi gaskiya, kuma duk shirin da ya ɗauki guminsa a banza zalunci ne. Amma kachallar da ta kori agwagin ruwa ita ce ta hana shi su da noman shinkafa, ita ce kuma mafakar jan-bakin. Binciken masana tattalin arziki a farkon shekarun 1990 ya nuna ruwan da aka bari ya malala fadamar ya fi amfanar jama'a nesa ba kusa ba a kan wanda aka tare don noman rani a sama. Buƙatarsa da ta tsuntsun ɗaya ce: ruwa ya zo a kan lokaci.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin da ke tafiyar da wannan aiki su ɗauki nauyin kuɗin mota da abincin ɗan sa-kai, su jawo sarakunan ruwa da maharba cikin tsara ƙidaya, sannan su mayar wa kowane gari sakamakonsa da Hausa, da Barebarci ko Badanci inda ake jin su.