Burushi 200 a Barikin Skutari

Duk sanda na shiga ɗakin marasa lafiya na ji ƙamshin sabulu, Florence Nightingale ce ke faɗo mini a rai. A Nuwamban 1854, ana tsakiyar yaƙin Kirimiya, ta isa barikin Skutari da ke Istanbul da ma'aikatan jinya 38. Ta tarar da sojojin Ingila kwance jingim, ƙwarƙwata fal rigunansu, magudanun ƙazanta a toshe ƙarƙashin ginin. Taifot da kwalara da atini sun fi harsashi cin rayuka.

Inda ta fara ne ya fi burge ni: ta sa a kawo burushin goge ƙasa 200, ta kama hayar gida, matan sojoji na wanki da ruwan zafi. Duk da haka mutuwa ba ta lafa ba, sai da kwamitin tsafta ya zo daga Landan a Maris 1855, aka yashe magudanu, aka ciro mushen doki daga hanyar ruwan sha. Da ta koma gida, a 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas.