Mene ne “Yaƙin Ruhaniya” a Wurin Kiristoci, Kuma Ya Halatta a Kai Musulmi Addu'ar Korar Aljanu a Coci?

Tambaya:

Ni mazauniyar wani ƙauye ce a ƙasar Faskari. Ƙanena ya yi wata biyu a hannun ɓarayin daji, sai da aka tara kuɗi suka sako shi. Tun da ya dawo ba ya barci, yana yawan firgita, wani lokaci ya yi ta sambatu. Muna da maƙwabciya Kirista, Bahaushiya, mutuniyar kirki, har da kuɗinta a cikin abin da aka tara. Ta ce abin da ke damunsa, da abin da ke damun ƙasarmu baki ɗaya, aikin mugayen ruhohi ne, kuma a cocinsu suna kwana suna abin da ta kira yaƙin ruhaniya. Ta ce mu kawo shi a yi masa. Malam, mene ne wannan yaƙin? Mun yi tarayya da su a kai? Ya halatta mu kai shi?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ba ƙanenki lafiya, Ya mayar muku da abin da kuka rasa.

Amsa a taƙaice: yaƙin ruhaniya a wurin Kiristoci yaƙi ne da Shaiɗan ta hanyar addu'a da azumi da karatun littafinsu. Mun haɗu da su a kan cewa Shaiɗan maƙiyi ne, mun rabu a kan asalinsa da iyakar ƙarfinsa da wanda ake roƙo a kansa. Bai halatta a kai Musulmi wannan addu'a ba, amma haƙƙin maƙwabciyarki yana nan a wuyanku. Ga bayani dalla-dalla.

Na farko: abin da suke nufi

Ki sani, 'yar'uwa, Kiristocin Hausawa sun daɗe a ƙasar nan. Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, an kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, cocin ECWA ta kafu a 1954, kuma a 2023 Katolika suka naɗa wa Katsina bishop nata. Da yawa daga cikinsu a kudancin Katsina tsatson Maguzawa ne. Saboda haka adalci shi ne mu faɗi aƙidarsu kamar yadda su suke faɗinta.

Tushen maganar yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, babi na 6, aya ta 10 zuwa 18. Abin da ke ciki shi ne cewa kokawar mai bi da rundunar mugunta ce wadda ido ba ya gani, ba da mutane ba. Sai ya siffanta mai bi da mayaƙi: gaskiya ce ɗamararsa, adalci ne sulkensa, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, maganar Allah takobi. Don haka idan maƙwabciyarki ta ce yaƙi, ba ta nufin ɗaukar makami a kan Musulmi. Wanda ya fassara maganar da haka ya zalunce ta, ya kuma kunna wutar da ba a san inda za ta tsaya ba.

Sannan su kansu ba su zama ɗaya a aikace ba. Tsofaffin malamansu suna lissafa maƙiya uku: duniya, son zuciya, da Iblis, kuma mafi yawan yaƙin a wurinsu guje wa zunubi ne. A Katolika ba kowa ke korar aljani ba, sai fada wanda bishop ya yi wa izini, kuma ƙa'idarsu da aka sabunta a 1999 ta nemi a fara tabbatar da cewa ba ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa ba ne. Cocin Pentikostal kuwa su suka fi zafafawa, da kwana addu'a da ɗaga murya da umartar aljani ya fita da sunan Yesu. Misalinsu a Najeriya cocin Mountain of Fire and Miracles, wadda Daniel Olukoya ya kafa a Legas a 1989. Wani malami a Amurka, Peter Wagner, ya yaɗa a shekarun 1990 cewa akwai mugayen ruhohi masu riƙe da garuruwa da yankuna, sai an yaƙe su kafin gari ya zauna lafiya. Malaman Kirista da dama sun yi masa raddi. Maganar maƙwabciyarki game da ƙasarmu ta yi kama da wannan ra'ayi.

Na biyu: inda muka haɗu

Mu da su mun yarda cewa Shaiɗan yana nan haƙiƙa, kuma yana gaba da ɗan Adam. Aya ta 6 a Suratu Faɗir ta umarce mu da mu riƙe shi maƙiyi. Mun kuma haɗu a kan cewa sharri ba shi da ubangiji nasa na daban da ke gogayya da Allah, saɓanin masu cewa akwai ubangijin haske da ubangijin duhu. Babban malaminsu Ogastin, wanda ya rasu a shekara ta 430 a garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya taɓa bin wannan aƙida ta iyayengiji biyu, daga baya ya bar ta ya yi mata raddi. A wurinsa sharri rashin alheri ne, kamar yadda duhu yake rashin haske.

Na uku: inda muka rabu

Abu na ɗaya, asalin Iblis. Galibinsu suna cewa mala'ika ne da ya yi girman kai aka jefo shi. Alƙur'ani, a Suratul Kahfi aya ta 50, ya bayyana cewa daga aljanu yake, kuma aya ta 6 a Suratut Tahrim ta nuna mala'iku ba sa saɓa wa Allah.

Abu na biyu, zunubin gado. Suna kafa hujja da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, babi na 5, cewa zunubin Adamu ya bi zuriyarsa, don haka kowane jariri yana buƙatar fansa. A wurinmu Annabi Adamu (A.S) ya tuba kuma Allah Ya karɓa, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 37. Babu rai da ke ɗaukar nauyin wani, An'am aya ta 164, kuma kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ba mu da wata la'anar kakanni da sai an karya ta.

Abu na uku, wanda ake roƙo. Su suna ganin an karya ƙarfin Shaiɗan ta hanyar gicciye, shi ya sa suke kira da sunan Yesu da jininsa a matsayin Ubangiji mai ceto. Mu kuwa Annabi Isa (A.S) bawan Allah ne kuma ManzonSa, muna son sa muna girmama shi, imanin Musulmi ba ya cika sai da shi. Amma Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore kashe shi da gicciye shi, kuma neman tsari ibada ce da ba a yi wa kowa sai Allah.

Na huɗu: haƙiƙanin sharri a Musulunci

Abin da muka karanta tun muna yara a farkon Risala ta Ibn Abi Zaid shi ne imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, mai daɗi da mai ɗaci. Babu abin da ke faruwa a mulkin Allah ba da saninSa da nufinSa ba. Amma ba a jingina sharri ga Allah, kamar yadda ya tabbata a addu'ar buɗe salla da Muslim ya ruwaito. Ibnul Ƙayyim ya yi bayani a Shifa'ul Alil cewa sharri yana cikin abin da aka halitta da aikin bawa, aikin Allah kuwa duka hikima ne da adalci.

Shi Shaiɗan iyakarsa kira da ƙawata ɓarna. Nisa'i aya ta 76 ta siffanta makircinsa da rauni. A Suratu Ibrahim aya ta 22 kuma an ba mu labarin yadda zai tsaya ranar Alƙiyama ya barranta daga mabiyansa, ya nuna musu cewa ba shi da iko a kansu, kiransu kawai ya yi suka amsa, su zargi kansu.

A nan ne amsar ta shafi halin da muke ciki. Waɗanda suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020 mutane ne, a kan babura suka zo. Waɗanda suka kutsa coci a ƙauyen Ɗantsauri na ƙasar Ƙanƙara a watan Janairu 2023 suka tafi da masu ibada mutane ne. Haka waɗanda suka buɗe wuta a kan masu sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a watan Agusta 2025. Ba su bar coci ba, ba su bar masallaci ba. Manomin Sabuwa da ya bar gonarsa ya san ba aljani ne ya hana shi noma ba. A bayan mai bindiga akwai mai kai masa rahoto daga cikin gari, da mai sayar masa da mai da ƙwaya, da mai sayen shanun sata, da mai riƙe da amanar jama'a da ya yi sakaci. Suratur Rum aya ta 41 ta jingina bayyanar ɓarna a ƙasa ga abin da hannayen mutane suka aikata. Haƙiƙa Shaiɗan yana zuga su, amma idan muka ɗora komai a kan aljanu mun wanke masu laifi, mun kuma sauke wa kanmu nauyin gyara. Haka kuma laifin ɗan ta'adda ba ya hawa kan ƙabilarsa. Wanda ya kashe marar laifi don ramuwa, shi ma kiran Shaiɗan ya amsa.

Na biyar: hukuncin kai shi coci

Muslim ya ruwaito daga Aufu bin Malik cewa Manzon Allah (S.A.W) ya halatta ruƙya matuƙar babu shirka a ciki. Ibn Hajar a Fathul Bari ya kawo haɗuwar malamai a kan sharuɗɗa uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayenSa da siffofinSa, da harshen da ake gane ma'anarsa, kuma a ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa.

Malamai sun yi saɓani a kan Ahlul Kitabi ya yi wa Musulmi ruƙya da ambaton Allah zalla. A Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Abubakar (R.A) ya tarar da wata Bayahudiya tana yi wa Nana A'isha (R.A) tofi, sai ya umarce ta da ta yi da littafin Allah. Imamu Shafi'i ya halatta da wannan sharaɗi, Imamu Malik kuwa an ruwaito ya karhanta don tsoron abin da aka canza. Wannan saɓanin bai shafi tambayarki ba, domin addu'ar da aka gayyace ku ana yin ta ne da kiran Annabi Isa a matsayin Ubangiji. Wannan ya karya sharaɗin farko, don haka bai halatta ba.

Ma'aunin nan bai tsaya a kan coci kaɗai ba. Haramun ne zuwa wurin boka ko ɗan bori, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan gargaɗi a Nurul Albab kan masu yanka ga itatuwa da duwatsu. Ki kuma guji mai ruƙya da ke neman baƙin bunsuru, ko dukan marar lafiya, ko keɓewa da mace, ko cewa aljani ya gaya masa wance ce mayyar. Maganar aljani ba shaida ba ce, kuma wannan ƙazafi ya raba zumunci da yawa.

Na shida: abin da za ku yi wa ƙanenki

Ku yi masa ruƙya da kanku, ba sai an biya kowa ba. A karanta masa Fatiha. Lokacin kwanciya ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a tafukansa ya shafe jikinsa sau uku, ya ƙara da Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara. Idan ya yi mummunan mafarki ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya. A riƙa karanta Baƙara a gidan. Duk waɗannan sun tabbata a hadisai ingantattu.

Sannan ku kai shi asibiti. Mutumin da ya yi wata biyu a ɗaure yana jin harbi yana ganin mutuwa, ba abin mamaki ba ne barci ya gagare shi, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo suna da maganinsa. Annabi (S.A.W) ya yi umarni da neman magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Kada a kira shi mahaukaci, kada a matsa masa da tambayar abin da ya gani, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Ita kuwa maƙwabciyarki, da niyyar alheri ta zo, ta ba ku abin da take ganin shi ne mafi tsada a wurinta. Ki gode mata, ki gaya mata da taushin murya cewa addininku yana da nasa hanyar kuma kun kama ta. Mumtahana aya ta 8 ta buɗe mana ƙofar kyautata wa irinta, Ankabut aya ta 46 ta hana jayayya da su sai ta hanya mafi kyau. Kada ki zagi abin da take bauta wa. Ranar da nata ya shiga hannu, Allah Ya kiyaye, ku ma ku kasance cikin masu tara mata.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu, Ya tsare mu daga sharrin Shaiɗan da sharrin kawunanmu.

Allah ne mafi sani.